Kulkin Bahago

Bana aka rushe zauren gidanmu na Tarauni. Ɗana na fari ne ya zo ya durƙusa ya ce, “Hajiya, ginin nan ya gaji, da ƙyar zai ga wata damina. A bar ni in fitar da shaguna a wurin, ko mutanen gidan sa samu abin cefane.” Ban hana shi ba, don gaskiyarsa ce, azara ta lanƙwasa, bango ya tsage har kana hango haske. Abin da na roƙa kawai shi ne a ba ni yini guda in kwashe kulaken Kaka da hannuna kafin a sa diga. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na naɗe su cikin tsofaffin zannuwa, na fita bakin titi na tsayar da a-daidaita-sahu. Direban wani bawan Allah ne mai fara'a, da jin maganarsa ka san bai daɗe da barin ƙauye ba. Yana ɗaga ƙunshin farko sai zane ya zame, kan wani kulki mai ƙusoshi ya leƙo. Ya dubi kulkin, ya dube ni, ya ja da baya.

“Hajiya, lafiya dai? Wa ya taɓa ki?”

Na ce babu wanda ya taɓa ni, kayan gado ne.

“To Allah ya kai mu lafiya. Amma wallahi in aka tsare mu a hanya, cewa zan yi tilasta ni kika yi.”

Dariya muka yi ta yi har muka iso ƙofar gidana a Gyaɗi-Gyaɗi. Sai da na shiga ɗaki na kwance zannuwan, ƙamshin man kaɗanya da tsohon hayaƙi ya bugi hancina, sannan na zauna a bakin gado, na ji ni yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu da kasko a gabana.

Tarauni da na buɗe ido na gani ba wannan ba ce. Gidaje ne tsilli-tsilli, gonaki a tsakaninsu, in damina ta yi nisa dawa takan rufe mutum ko yana kan jaki. Daga ƙofar zaurenmu kana hango kukoki can wajen Daurawa, babu bene ko guda da zai tare maka ido. Da kunne muke sanin lokaci. In ka ji guga ta faɗa ruwa a rijiyar maƙwabta, to hantsi bai yi ba. In ka ji taɓare sun haɗa lugude daga gida uku ko huɗu, mata suna tafi tsakanin bugu da bugu, to rana ta fara karkata. Bayan ruwan sama kuwa kwaɗin kududdufi ba sa barin kowa ya ji maganar ɗan'uwansa. Yanzu in na buɗe taga ƙahon ababen hawa nake ji, da gurnanin janareto, da lasifikar mai tallar magani. Ba na cewa da ta fi yanzu a komai. Ruwan kududdufin nan ya sa wa mutane da yawa ciwo, mace mai naƙuda kuma sai dai a yi mata addu'a, yau ga babban asibiti nan kusa da mu, 'yan mata sanye da fararen kaya suna wucewa ta ƙofata kullum safiya. Amma shirun nan da ke tsakanin sauti da sauti, wanda har kana iya jin numfashin itace in ka kara shi a kunne, shi kam ban san inda ya tafi ba.

Kaka uban babana ne. Dogo ne, haƙoransa na gaba sun zube, bakinsa ja wur da goro. Amaryarsa yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son tsoho mai wawulo, ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. A ƙuruciyarsa fataucin fata da ƙirgi ya yi, yana bin kasuwannin ƙauye da jakuna. Ubansa dakare ne a zamanin da ake yaƙi da ƙafa, ya rasu Kaka yana ƙarami, bai bar masa komai ba sai kulake uku. Wata rana a wani ƙauye Kaka ya ga an kafa irin kulkin nan a ƙasa an ɗaure akuya a jikinsa. Ya ce ji ya yi kamar an ɗaure akuya a ƙafar dattijo. Ya ba mai gidan fata guda, ya tumɓuke kulkin ya taho da shi. Daga ranar abin ya shiga ransa. Ya ceto wani daga bakin murhu an fara ƙona gindinsa, ya samo wani da ake dandaƙa ƙashin miya da shi, wasu kuma tsofaffi ne suka ba shi da hannunsu don sun san 'ya'yansu ba za su kula ba. Kafin ƙafa ta hana shi yawo ya tara kusan talatin, ya kafa turaku a bangon zaure ya rataye su. Akwai masu dunƙulallen kai, akwai kere mai lanƙwasasshen wuya, akwai na Barebari, akwai na Azbinawa da aka naɗe da jar fata. Bai taɓa ɗaga ko ɗaya a kan mutum ba. Yakan ce, “Waɗannan sun yi aikinsu, mai kyau da marar kyau, Allah ya sani. Yanzu tsofaffi ne irina, inuwa suke so da ɗan mai.”

Da fari yayyena maza biyu ne ke taya shi gyaran su. Wata rana da ya fita jana'iza suka sauke biyu suka ja daga a tsakar zaure, ɗaya Sarkin Yaƙi ɗaya abokin gaba. Kafin Kaka ya dawo an kai Sarkin Yaƙi wurin wanzami da fasasshen goshi. Ya kafa doka: ba wanda zai ƙara juya kulki a gidan nan, maza kuma ko taɓawa kada su yi.

Ni kuwa hannuna ne ya kai ni zauren. Bahaguwa aka haife ni. Komai na gani hagu ce ke riga zuwa. Inna, mahaifiyata, abin ya dame ta ƙwarai, ba don ba ta sona ba, tsoro take kada a yi mini gori a gidan miji, a ce uwata ba ta koya mini komai ba. Cin abinci da karɓar abu daga hannun manya na koye su da dama, ban ma ga laifin wannan ba. Amma Inna so take shara, daka, tankaɗe, tuƙin tuwo, duk su koma dama. Har takan tura mini hagu cikin zane ta ɗaure. Duk tuwon da na tuƙa da dama sai ya fito da gudaji kamar an zuba tsakuwa. Wani yammaci babana ya ciro guda daga bakinsa ya ajiye a gefen akushi, Inna ta ji kunya ta huce a kaina, na gudu zaure ina kuka. Kaka yana zaune da kulki a cinyarsa yana laluben wuyansa, don idonsa ya fara hazo.

“Wa ya taɓa mini amarya?”

Na faɗa masa.

“Ni ai alheri kika yi mini. Ba ni da haƙori, gudajin nan su nake tsotsa har gari ya waye. Share hawayenki, zo ki duba mini nan, rami ne ko idona ne?”

Rami ne, ƙarami kamar na allura, da ɗan gari a bakinsa. Ya ce ƙwaro ya shiga. Tun daga ranar na zama mai kula da kulake.

Ranar Alhamis muke yi, bayan azahar. Sai in shimfiɗa tabarma biyu, don Kaka ba ya yarda kulki ya taɓa ƙasa ko na ƙiftawar ido, ya ce gara tana jin labari. In sauko da su in jera. Kowanne sai na share shi da tsumma mai laushi, sannan in kara shi a kunne in ƙwanƙwasa da farce daga kai har gindi. Lafiyayyen itace amonsa a dunƙule yake, wanda ƙwaro ya ci kuwa sai ka ji kamar kana buga busasshiyar ƙwarya. Man kaɗanya ba ma ɗora shi a wuta, a kasko muke sa shi a rana ya narke da kansa. Kaka yakan ce, “Kaɗan, amarya, kaɗan. Ba wanka za ki yi masa ba. In kin cika masa mai zai yi danƙo ya kwashi datti.” Sai in lakato da ɗan yatsa in murza da tafin hannu har itacen ya yi ɗumi. Zoben ƙarfe da toka da lemon tsami ake goge shi, a tsane shi sarai. Igiyar fata kuma man shanu take so. Da damina mukan tara ganyen darbejiya a tsohon kasko mu turara zauren, mu fito waje muna tari muna hawaye muna dariya. Ba a shanya kulki a rana, tsagewa yake yi. Kuma duk wanda na ɗauka sai Kaka ya ba ni labarin inda ya samo shi, da abin da aka ci a garin, da jakin da ya yi masa taurin kai a hanya. Har yau haka nake yi, ranar ba ta sauya ba. Sai dai man kaɗanyar yanzu a roba yake zuwa, fari fat, an cire masa ƙamshin nan na hayaƙi. Baƙi kuma in sun shigo ɗakina suka ga bango, wasu tsoro suke ji, don a idon mutanen yau kulki kayan 'yan daba ne. Wasu kuma waya suke zarowa su ɗauki hoto, ba mai cewa in ba shi ya kara a kunne.

Kulake ukun da uban Kaka ya bari su ne a sama da kowa. Duka na ƙirya ne, baƙaƙe, masu nauyi kamar ƙarfe, kowanne da zobe a wuya, in ba ka saba ba ba ka raba su. Ɗaya daga ciki Kaka ya sa masa suna Gardama. Ya ce tun yana saurayi kulkin nan bai taɓa zama daidai a hannunsa ba, in ya riƙe sai ya ji yana murɗewa kamar yaron da aka kama zai gudu. Wata Alhamis ya fita alwala ya bar ni ni kaɗai. Na gama shafa wa Gardama mai, na miƙa hannu zan mayar da shi, hagu ta riga kamar kullum. Sai na ji yatsuna sun faɗa cikin wasu gurabe da ido ba ya gani. Babban yatsana ya samu wurin zamansa. Nauyin kan ya kwanta daidai, kulkin ya yi sauƙi kamar an rage masa rabi. Hannuna ƙarami ne, bai cika guraben ba, amma hanyar ɗaya ce. Na sake shi na kama da dama, ya murɗe. Na mayar hagu, ya zauna. Na leƙa ƙofa ban ga kowa ba, na juya shi sau ɗaya a iska, ya yi wani ɗan kuka, fuu. A duk gidanmu, daga tsintsiya har muciya, babu abin da ya taɓa cewa hannuna daidai yake sai wannan itacen. Ban faɗa wa kowa ba. Laifi biyu ne: na juya kulki, kuma da hagu. Daga nan duk Alhamis Gardama nake bari ƙarshe, kuma alwalar Kaka nake jira.

Ana nan wata Alhamis cikin tsakiyar damina, mun jera kulake a tabarma, hadari ya taso daga gabas, ruwa ya kece. Sai muka ji sallama. Wani tsoho ne gajere kakkaura, jiƙe sharkaf, yana jan jaki da turame biyu da taɓare a kansa. Kaka ya ce ya shigo, jakin ma a ja shi ƙarƙashin rumfa. Inna ta miƙo fura daga bayan ƙofar ciki, don ba ta fitowa gaban baƙo, gaban surukinta ma sai ta durƙusa take magana. Tsohon ya ce sunansa Malam Tanko, masassaƙi ne, daga wani gari na kan dutse can kudu, bai daɗe da sauka a Unguwa Uku ba wurin ɗansa. Ya kai ludayi baki ke nan idonsa ya sauka a kan tabarma. Ya ajiye ludayin.

“Maigida, waɗannan baƙaƙen uku fa?”

“Na ubana ne,” in ji Kaka. “Biyu nasa, ɗaya ganima. A wata hanya tsakanin duwatsu ya karɓe shi a hannun wani ƙato, ana ruwa kamar wannan. Ya murɗe masa hannu, ƙaton ya ranta a na kare.”

Malam Tanko ya tambayi sunan dutsen. Kaka ya faɗa kamar yadda ya ji a bakin uwarsa. Sai tsohon ya miƙe tsaye.

“Ba wanda ya murɗe masa hannu! Igiyar ce ta tsinke, ruwa ya sa mariƙin santsi, kulkin ya gangara. Wani gajere ya sunkuya ya ɗauke ya zura da gudu.”

“Ubana ba gajere ba ne!”

“To a guje dai aka gan shi, ba a samu damar auna shi ba.”

Na zaci za a yi faɗa. Tsofaffi biyu, kowa ya haura saba'in, suna nuna juna da yatsa a kan abin da ya faru ba a haifi ko ɗayansu ba. Can sai Kaka ya fashe da dariya, Malam Tanko ma ya biye masa, suka zauna suna share ido. Da dariyar ta lafa Malam Tanko ya ce ubansa ne ƙaton, shi ya tsare hanyar nan da mutum biyar, kuma a ranar ba a kama ko yaro ɗaya daga garinsu ba. Kaka ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhamdu lillahi da ba a kama ba.”

Malam Tanko ya ce shi bai taɓa ganin kulkin ba, labarinsa ya tashi da shi. Ubansa ya tsufa ya makance, amma in yana zaune sai ka ga yana dunƙule hannu a iska yana cewa ina ma ya ƙara riƙe shi sau ɗaya. “Na ƙirya ne, da zobe a wuya. Iyakar abin da na sani ke nan. Sai kuma shi mai shi, Bahago ake ce masa, ko sunansa na yanka an manta.”

Na sa hannuna na hagu ƙarƙashin cinya na danne.

Kaka ya ce, “Wallahi ban san wanne ne ba. Ubana ya tafi ban kai tambaya ba, uwata kuma duk ɗaya ne a wurinta. Ga su nan, ɗauki wanda ranka ya ba ka, na ba ka.”

Malam Tanko ya ɗauki kowanne da hannun dama, ya jinjina, ya shinshina, ya duba gindi, ya ajiye. Ya girgiza kai. “Ba itace na rasa ba, Maigida, sassaƙa ce sana'ata. In ɗauki na ubanka in rataye a ɗaki in ce wa jikokina na kakansu ne? A'a. Na dai san yana nan, ana ba shi mai. Ya ishe ni.”

Ruwa ya tsagaita. Ya shanye furarsa, ya yi godiya, ya nufi ƙofa. Ni kuwa ina zaune kamar an kafe ni. In na yi shiru Gardama nawa ne har abada, ba wanda zai sani. In na yi magana zai tafi, kuma Kaka zai san na karya dokarsa, Inna ma tana nan bayan ƙofa, ina ganin gefen zanenta. Na dubi bayan tsohon yana kwance igiyar jaki. Rigarsa ta manne a jikinsa, kafaɗunsa sun sauka, yana ta fama da ƙullin igiya ya kasa kwancewa, ba kuma don ƙullin ya yi tauri ba.

“Baba,” na ce. Muryata ta fito kamar ta sauro. “Baba, wannan ne.”

Suka juyo su biyu. Na ɗauki Gardama da hagu na ɗaga. Kaka ya ce yaya aka yi na sani. Na ce akwai gurbin yatsu, amma sai da hagu ake jin sa. Na ce kuma na sha juya shi in ya tafi alwala, a yi mini duk abin da za a yi. Na fashe da kuka.

Malam Tanko ya dawo a hankali. Ya goge hannunsa na hagu a riga, ya karɓa. Na ga yatsunsa suna lalube, na ga lokacin da suka faɗa. Ya ce, “Allahu akbar.” Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rungume kulkin a ƙirji, ya kira ubansa da wani suna a harshen garinsu. Hawaye suna bin gemunsa, amma bakinsa a buɗe yake da murmushi. Kaka ya ce a ba shi ya ji. Ya riƙe da hagu, sai ya bugi cinyarsa.

“Kai! Shekara sittin ina ce masa Gardama! Ashe bawan Allah ba gardama yake ba, ni ke ba shi hannun da ba nasa ba.”

Ya faɗe ta da ƙarfi, yana fuskantar ƙofar ciki. Gefen zanen Inna ya motsa, ya ɓace.

Kaka da kansa ya naɗe kulkin cikin sabon ƙyalle ya ɗora a kan jaki tsakanin turame. Bai ce mini komai a kan dokar ba, sai dai ya ce daga yau da buta zai riƙa alwala a ƙofar zaure. Ni kam ba ta dariya nake ba. Kwana uku ina shiga zaure ina duban turken da ya zama wofi. Na yi fushi da Malam Tanko, na yi fushi da ruwan da ya kawo shi, na yi fushi da bakina. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Alhamis ta zagayo. Ina narka mai ba da son raina ba, sai na ji kukan jaki a ƙofa. Malam Tanko ne, da ƙunshi biyu a hammata. Ya kwance na farko, Gardama ne.

“Na kawo shi ya gaida 'yan'uwansa,” ya ce. “Kuma ni yanka itace na iya, ban iya renonsa ba. In Maigida ya yarda, duk mako zan riƙa kawo shi wurin wadda ta san shi.”

Kaka ya ce ya yarda, da sharaɗin a daina ce wa ubansa gajere. Malam Tanko ya ce sai ya yi shawara. Haka kuwa aka yi shekara da shekaru, har ƙarfinsa ya ƙare ya koma garinsu da kulkin ubansa. Amma a wannan ranar ƙunshi na biyu shi ne abin kallo. Muciya ce sabuwa fil, ya sassaƙa ta da reshen ƙirya, ya ɗan karkata bakinta, ya fafe wurin babban yatsa a gefen da ba a saba ba. Bai ba ni ba. Ya matsa kusa da ƙofar ciki ya ɗaga murya cikin ladabi.

“Uwar gida, a gafarce ni, baƙo ne ni, ba ni da ta cewa a gidan mutane. Ga 'yar tsaraba na kawo wa yarinyar nan, sai in kin yarda. Ubana da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa. Amma da ya tsare hanya da dama, da babu ni a duniya.”

Can hannun Inna ya fito daga bayan ƙofa ya karɓi muciyar. Muka ji ta ce, “An gode, Allah ya saka.” Sai kuma ta kira ni, ba da muryar faɗa ba. “Ke, in kin gama da man nan, sanwa tana jiranki.”

Ban taɓa gama kulake da sauri irin na ranar ba. Na shiga na tarar ruwa yana tafasa, Inna ta tankaɗe gari, ta yi talge. Ta miƙo mini muciyar ta koma gefe ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta harɗe hannu. Na kama da hagu a sama, dama a ƙasa, na taka gindin tukunya na fara tuƙi. Hannuna ya san hanya tun kafin in gaya masa. Tuwon ya riƙa juyawa yana naɗewa yana sheƙi, yana cewa fat, fat, tururi yana dukan fuskata. Inna ta taso ta leƙa, ta ɗebo kaɗan a mara, ta murza tsakanin yatsu, ta sake murzawa tana neman abin da za ta samu. Ba ta samu ba. Sai ta juya mini baya tana gyara itacen murhu da bai buƙaci gyara ba, ta ce, “To kwashe mana, tsayawa kallona za ki yi? Baƙo yana jira.” Amma na ga kuncinta.

Na malmala a babban akushi, Inna ta zuba miyar kuɓewa, na kai zaure na durƙusa na ajiye. Tsofaffin suka wanke hannu suka sa. Kaka ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya juya ta a baki, ya ɓata fuska.

“Amarya, ina gudajina? Yau me zan tsotsa?”

Malam Tanko bai ko ɗago ba sai da ya kai loma ta biyar. Ya suɗe yatsa, ya nuna Kaka da shi.

“Maigida, ka gode wa Allah. Da ubana ya karya da irin wannan tuwo a safiyar nan, da yau kai ne kake yawo a garinmu kana tambayar kulki.”

Kaka ya yi dariya har ya ƙware, sai da na buga masa baya. Kafin ya dawo daidai Malam Tanko ya kai akushin rabi. Sai ga muryar Inna daga bayan ƙofa, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban surukinta ba.

“Baba, a ƙaro ne?”

“A ƙaro,” in ji Kaka, yana janye akushin daga gaban baƙonsa. “Mutumin nan ya zo ramuwa.”

Tukunya kuwa babu saura, ko ƙanzo yayyena sun kankare. Na koma murhu na ɗora wata sanwar.